Filtar Robar da Na Ɗora wa Baba Laifinta

Jiya warin fetur ya cika danfona, bas ɗin hayar da nake ja a Legas, sai Baba, makanikenmu na Agege, ya faɗo mini a rai.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ya sa wa motata injin wata mota daban. Ya busa sabuwar filtar fetur ta ƙarfe da baki kamar yadda ya saba, leɓensa na ƙyallin mai, ya ce, "Ɗana, injin za ka riƙa dubawa, ba jikin mota ba. Filtar roba ba za ta jure famfon fetur na wannan injin ba."

Da lokacin canji ya yi, na sayi ta roba na ɗaura da kaina. Ta fashe a Iddo, fetur na tsiyaya, fasinjoji na zagina da Yarbanci. Don kunya na ce wa direbobi aikin Baba ne. Da yawa suka daina zuwa garejinsa.

Ya ji labari, amma filta kawai ya sake mini. Kullum ina cewa gobe zan faɗi gaskiya, har ya rasu. Haushin kaina nake ji har yau.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya sa ka yafe mini kafin ka tafi.