Gangar da Ake Kira da Ƙafar Dama

Shekara bakwai ke nan, a daminar bana, da muka kai yayana Mutari makwancinsa a ƙauyenmu Guci. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su san shi ba, don bai taɓa buga kaset ba, gidan rediyo ma sau ɗaya ya shiga, ya fito yana mita wai an kulle shi a ɗaki babu ko taga. Amma duk wanda ya taɓa zuwa biki ko gayya tsakanin Magariya da Dungas da Dogo-Dogo, in na ce masa mai garayar nan da yake kiɗa da ƙafa, to ya gane. Ni ƙanensa ne, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a nan Magariya. Tun ranar sadakar arba'in kayan kiɗansa suka koma ƙarƙashin gadona, kuma wallahi ba su bar ni na huta ba.

Gidanmu gidan makaɗan noma ne. Baba ne yake riƙe da gangar noma ta yankinmu, kuma kowane gidan manoma yana da takensa a wurinsa, wato ɗan kiɗan da in aka buga, ɗan gidan ya san da shi ake. Ko yana can ƙarshen gona ya gaji liƙis, sai ka ga ya zabura kamar an watsa masa ruwan sanyi. Duk taken nan a kan Baba suke. Mutari ya ɗauki garaya da waƙa, ni kuwa ko tafi na yi sai ya saɓa da na jama'a, shi ya sa aka sallama ni ga alli. 'Yan'uwan da ya kamata su gaji gangar duk ci-rani ya kwashe su, wasu Agadas, wasu har Libiya. Ana cikin haka hannun Baba ya fara rawa.

Mutari bai iya zama ya zuba wa abu ido ba. Ya tafi Damagaram, ya dawo da wani ɗan akwati da ya samo wurin wani mai kiɗan fiyano, akwatin da yake ɗaukar sauti ya ajiye, in ka danna maɓalli ya maido maka da shi. Rani guda ya yi yana zaunar da Baba a gindin bishiyar bedin ƙofar gida, suna bin taken nan ɗaya bayan ɗaya. Baba yana bugawa yana faɗa, wai shi tun da yake bai taɓa yi wa akwati kiɗa ba, ai akwati ba ya noma. Shekarar da ta biyo baya Baba ya rasu.

Sai ga wata matsala. Garaya tana son hannu biyu, akwati kuma yana son yatsa. In ya saki garaya don ya danna maɓalli, waƙa ta yanke, masu noma su ɗago kai suna kallonsa. Nan ne ya ji labarin fedal, ya bi sawunta har Kano. Wani faffaɗan ƙarfe ne da tsawonsa ya kai kamu biyu, da matakai a jere a kansa, sannan a gefen hagu akwai wani babban mataki mai lilo irin na keken ɗinki, wanda yake ƙara murya ko ya rage ta. Da na taka ban ji komai ba, na ce masa an cuce shi, an sayar masa da kurma. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini wata waya mai haƙora biyar a baki, wai ita ake ce wa midi. "Mushe, wannan ba makaɗi ba ne, ɗan aike ne," in ji shi, don Mushe ake kiran malamin lakwal a wajenmu. "Kai dai ka taka, shi kuma ya ruga ta cikin wayar nan ya gaya wa akwati a buga taken gidan wane."

Ya daɗe yana raba wa matakan nan aiki. Akwai matakin da yake sauya gari: ka taka shi, jerin ya zama na gidajen Guci, ka sake takawa, ya koma na Dogo-Dogo, haka har ƙauyukan da ban san sunansu ba. Bai rubuta komai ba, kuma ba ya kallon ƙasa in yana kiɗa. Idonsa yana kan manoma, hannunsa yana kan garaya, ƙafarsa tana can tana sha'aninta.

Wadda abin bai yi wa daɗi ba ita ce Inna. Mutari ɗan fari ne, kuma Inna irin matan nan ne na da masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, in za ta ba shi fura sai ta miƙa wa ƙanwarmu Rabi ta ce a kai wa wancan. Ran da ta ji gangar Baba ta tashi a tsakar gida, ta leƙo ta ga takalmi a kan ƙarfe, sai ta juyo gare ni, alhali ga shi nan tsaye kusa da ita. "Ka gaya wa wancan," ta ce, "uban da ya haifi mutum ba a kiransa da ƙafa." Ta koma ɗaki.

Na zaci zai yi musu, don Mutari akwai baki. Amma daga ranar ban sake ganin takalmi a kan fedal ɗin nan ba. Duk inda za a yi wasa, sai ya shimfiɗa mata tabarma, ya nemi buta ya wanke ƙafafunsa, sannan ya tsaya. Gangar Baba da ƙafar dama kawai yake kiranta. Ta hagu aikinta lilon murya, ba ta taɓa hawa kan sauran matakan ba, ko da kuwa matakin da yake nema ya fi kusa da ita. Inna ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake magana ba. Wasansa dai ba ta taɓa zuwa kallo ba.

Na ga abin da ƙafar nan ta yi da idona. A gayya ana ɗora batir da lasifika a kan amalanken jaki, a bi masu noma da su. Na ga tsoho wanda ya daina riƙe hauya ya ji taken gidansu a hannun mutumin da aka binne, ya fizge hauya daga hannun jikansa ya shiga kunyar gona. Akwai take ɗaya da ya bambanta da sauran, na kakanmu na wajen uwa, wanda a zamaninsa ba a yi manomi kamarsa a Dogo-Dogo ba. In Mutari zai kira shi, sai ya fara danne lilon nan da diddige har murya ta mutu, ya taka matakin cikin shiru, sannan ya ɗago sannu a hankali, gangar ta taso kamar daga bayan gari take zuwa. Mutane suka ce salo ne, suna yabawa. Na tambaye shi dalili, ya ce ni dai na cika tambaya.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi, ana tsakar noman maimai, bayan ya dawo daga wata gayya da ruwa ya doke su a hanya. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suna shigowa gaisuwa, ita ce take ba su haƙuri.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga yadda abubuwa suka koma. Gayya ta yi wuya yanzu, kowa da maganin feshinsa, haki, wato ciyawa, ya mutu ba tare da an buga wa kowa take ba. A biki kuwa saurayi ne zai zo da wayar hannu, ya jona da lasifika, ya zauna a kan kujera yana latse-latse, bai ma san sunan uban amarya ba. Wani lokaci na ce Mutari zai yi tsaki ya bar wurin. Wani lokaci kuma na tuna shi ma haka aka yi masa tsaki da ya kawo akwati, sai na ga kamar zai ja kujera ya ce a nuna masa yadda abin yake. Ban san wanne ne gaskiya ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Abin da ya hana ni sakat dai shi ne wannan. Bayan rasuwarsa na kwatanta kayan ga wani mai gyaran rediyo a Damagaram, ya ce mini irin waɗannan na'urori wasunsu suna da ɗan batir a ciki kamar maɓallin riga, in ya mutu suna iya manta duk abin da aka koya musu. Tun daga nan tsoro ya kama ni. In na kunna na tarar babu komai fa? Hannun Baba ya tafi, ƙafar Mutari ta tafi, taken gidaje sun tafi, duk a rana ɗaya, kuma ni ne zan zama shaida. Muddin ban kunna ba, ina iya cewa suna nan. Samari sun zo aro na hana, wani ya zo saye na kore shi. Matata har suna ta sa mini, wai mai gadin akwati. Sai na jawo kayan, na goge, na ɗauki wayar nan mai haƙora biyar na juya ta a hannu, na sake turawa ƙarƙashin gado.

A watan jiya Rabi ta kira ni ta ce Inna ba ta jin daɗi, ƙafafu sun kumbura, ido ya ragu, kuma ta ce a kawo mata kayan wancan, tana son ta ji taken ubanta. Kai, ranar na rasa inda zan sa kaina! Da wani ne ya tambaya da na sami abin faɗa, amma Inna ba a ce mata a'a. Na ɗaure kayan a bayan mashin ɗin kabu-kabu, na rungume akwatin a cinya har Guci.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, muka jona da batir ɗin hasken rana na maƙwabta. 'Yan fitilu suka kama. Na cire takalmi, na wanke ƙafa yadda na ga yana yi, na yi bismilla na taka. Gangar Baba ta tashi tangaram, kamar jiya aka buga. Inna kuwa cewa ta yi, "Ba shi ba ne." Na taka na gaba, ba shi ba. Na sauya gari, na dawo, na ɓata. Kowane mataki da gidan da yake kira, har maƙwabta suka fara leƙe ta kan danga, wani dattijo yana cewa a maimaita, wannan nasu ne.

Can sai na taka wani, maimakon ganga muka ji muryar mutum. "Haba Baba, ban shirya ba tukuna!" Sai dariya, irin tasa mai tahowa daga ciki, sannan gangar ta shigo a kan dariyar da taken kakanmu. Rabi ta toshe baki. Nan take na gane salon nan da aka yi ta yabo. Baba ne ya yi gajen haƙuri ranar ɗauka, ya fara bugu kafin Mutari ya rufe baki, kuma ba yadda za a yanke muryar ba tare da an yanke kan taken ba. Shi ya sa yake danne lilo da diddige har muryarsa ta wuce. Ni da ban sani ba na bar lilon a buɗe.

Inna ta saurara har taken ya ƙare. Sannan ta ce wa Rabi ta miƙo buta. Ta wanke ƙafarta ta dama, kumburarriya, ta ce a turo mata ƙarfen kusa, a ɗora mata babban yatsa inda na taka. Ta danna. "Haba Baba, ban shirya ba tukuna!" Dariyar ta zo, ganga ta soma, sai ta sake dannawa, abin ya koma farko. Ta sake. Ni da wautata na ce, "Inna, ki ɗaga ƙafa ki bar shi, ai gangar tana gaba." Rabi ta mintsine ni a hannu har sai da na ji zafi, na kama bakina.

Shekara bakwai ina zaton abin da Mutari ya bari shi ne taken gidajen nan, kuma ba ƙarya ba ne, suna nan, ko da yake har yanzu hankalina bai kwanta ba. Da yawansu ban san na wane gida ba ne, kuma masu sani suna ƙarewa. Duk dattijon da ya san Baba ya taɓa buga wa gidansu take, don Allah ya zo Guci ya saurara ya nuna mana nasa, tun ɗan batir ɗin nan yana da rai. A can na bar kayan, ba zan sake kwana a kansu ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin da aka gaya wa magana ɗaya, ba ma a fuskarsa ba, ya cire takalmi har ƙarshen ransa, bai taɓa jiran a ce masa madalla ba.

Washegari da hantsi na yi sallama, na hau mashin, sai na tuna na bar hulata a ɗakin Inna. Na koma. Kafin in ɗaga labule na ji dariyar nan ta tashi, ta yanke, ta sake tashi. Sai na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa, tana zaton ba kowa a kusa. "Mutari," ta ce. "Mutari, ka ci abinci kuwa?"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na bar hular, na dawo Magariya kaina a buɗe.