Golmon Mai Walda

Wata ranar Asabar a farkon daminar shekarar 2004, ina aji huɗu a firamare, wasu samari suka shigo gonar kakanmu da ke bayan Rikoto a Zuru, kowanne da garma a kafaɗa, suna tafe suna waƙa kamar sun san abin da suka zo yi. A gabansu akwai Ishaya mai walda, saurayin yayata Rahila, sanye da tsohon takalmin sojan mahaifinsa. Ni aka ɗora wa tulun kunu, don haka komai a kan idona ya faru. Kafin rana ta take, kunyoyin da Ishaya ya tayar sun karkace kamar sawun maciji, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Kakanmu, wanda kowa ke kira Baba Tsoho, yana zaune a gindin ɗorawa yana kallo. Sai da aka tashi ya dube ni ya ce, "Talatu, wanga yaro garma ce a hannunshi ko cokali?" Na yi dariya har kunu ya sarƙe ni. Da na kai wa Yaya Rahila labari, da kwaikwayo da komai, kwana ta yi ba ta kula ni ba.

A wurinmu Dakarkari, saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Sai ya yi golmo, wato ya tattaro abokansa su riƙa noma gonar surukai damina bayan damina. A lokacin makaranta da coci sun riga sun sassauta abin, gidaje da yawa sukan karɓi noman yini ɗaya don kada a ce an yar da al'ada. Amma ban da gidanmu. Baba Tsoho shekara bakwai ya yi yana noma kafin a ba shi kakarmu, kuma ba a taɓa cin tuwon dare bai tuna mana ba. Mahaifinmu soja ne, yana can wurin aiki mai nisa, ya bar maganar a hannun tsohon. Shi kuwa Ishaya a bariki aka haife shi, a bariki ya girma, sai da mahaifinsa ya yi ritaya suka dawo Zuru. Ƙarfe ya sani, bai san ƙasa ba. Bayan wannan Asabar Baba Tsoho ya ce ba zai ba da jikarsa ga mutumin da garma ta raina ba, Yaya Rahila kuma ta fara ramewa.

A bayan gidanmu Mama tana da ɗan lambu na yakuwa da kuɓewa da gauta. Ƙofar da ke fita daji daga lambun, ƙyauren kara ne ke rufe ta, wanda Baba Tsoho yake sakewa duk shekara. Gara ta ci ta ƙasa, ruwa ya ruɓar ta sama, awaki da aladun maƙwabta su ƙarasa sauran. Ni ce mai gadin wannan ƙofa. Ina dawowa daga makaranta zan zauna da sanda ina jiyo ƙawayena suna 'yar carafke a waje, ina tsine wa duk wata akuya a duniya. Don haka ranar da Ishaya ya zo ya durƙusa ya nemi izinin yi mana ƙyauren ƙarfe, nan take na koma bayansa, kuma ba don tausayin yayata ba ne. Baba Tsoho ya daɗe yana sosa gemu, sannan ya ce, "Yi. Damina ita ce alƙali."

A tsakar gidanmu aka yi aikin. Ishaya ya turo injin walda a amalanke, ya aro janareta don wutar lantarki ba abar dogaro ba ce. Ya yayyanka bututun ƙarfe, ya jera su a ƙasa, ya auna daga wannan kusurwa zuwa waccan da igiya, ya sake aunawa, sannan ya ɗiɗɗiga musu wuta. Ya gitta ƙarfe guda daga sama zuwa ƙasa don kada ƙyauren ya saki jiki. Ƙasa ya rufe da fallen ƙarfe saboda aladu, sama ya bar sanduna don iska ta samu hanya. Har bakunan ginshiƙan da za su riƙe ƙyauren ya toshe, wai idan ruwa ya kwana a ciki tsatsa ta samu gida. Yaran unguwa muka yi dafifi. Mama tana ta faɗa kada mu kalli wutar, mu kuma muna leƙenta ta tsakanin yatsu, tartsatsi yana tashi muna ihu. Yaya Rahila sau nawa ta kawo ruwan sha ranar, ni dai na gaji da ƙirgawa. Aka haƙa ramuka har cinyar mutum, aka kafa ginshiƙan da siminti da tsakuwa, aka shafa jan fenti na hana tsatsa, sannan kore a kai, launin da Yaya Rahila ta zaɓa. Da aka rataye ƙyauren, ni na fara ɗarewa kansa, ƙawayena suna tura ni ina lilo. Tun daga ranar na yi sallama da sandar gadi, ban taɓa jin 'yanci irin wannan ba.

Alƙalin ya zo a watan Agusta. Aka yini ana sheƙa ruwa da iska, ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ya cika lambun. Da aka ɗauke muka fita, sai ga tsohuwar katangar ƙasa da ta kewaye lambun ta zube dama da hagu, ƙyauren Ishaya kuwa yana nan tsaye shi kaɗai, a rufe, da sakatarsa, yana ta sheƙi. Wata akuya ta zo ta dube shi, ta kewaye ta gefe ta shiga cin yakuwa. Mama ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Baba Tsoho bai yi ba. Ya ce ramukan da aka haƙa ne suka kashe masa katangar da ya gina da hannunsa, kuma maganar aure ta ƙare. Yaya Rahila ta shige ɗaki tana kuka, dariyata ta tsaya, na ji tausayinta sosai a karon farko.

Babu wanda ya aika wa Ishaya. Amma da gari ya waye sai ga shi da abokansa. Bai yi gardama kan laifin wa ne ba. Suka kwashe ɓaraguzan, suka kafa dannin kara, don ba a ginin ƙasa a tsakiyar ruwa. Baba Tsoho ko gaisuwarsa bai amsa ba. Duk da haka bayan kowane ruwa mai ƙarfi sai Ishaya ya dawo ya gyara dannin. Da girbi ya zo ya ɗauki dammunan dawa a ka, yana tafe yana tangaɗi, tsofaffin mata suna yi masa tsiya yana dariya. Da rani ya shiga suka kwaɓa ƙasa da ƙafa, suka buga tubali, Ishaya yana ɗorawa Baba Tsoho yana tsaye yana cewa ya karkace, ya sauke ya sake.

Ranar da aka gama katangar, da yamma, Baba Tsoho ya ɗauko ƙwaryarsa da ba mai sha da ita sai shi, ya cika ta da kunu, ya miƙa wa Ishaya da hannunsa. Ya ce, "Noma dai ba ka iya ba, ba kuwa za ka iya ba. Amma an kore ka, ka dawo. Ka ce ma manyanka su taho." Yaya Rahila tana bayan rumbu da faifan dawa a hannu. Faifan ya suɓuce, kaji suka yi biki tun kafin namu. Bayan Ista aka ɗaura aure, na yi rawa har takalmina ya tsinke.

Yau Baba Tsoho ya daɗe da rasuwa. Katangar ta koma ta bulo, lambun Mama ya zama ɗakunan haya, ƙyauren ne kawai bai canja ba sai fenti. Bara da aka aurar da 'yar ƙanwar Mama, kusan komai ta waya aka gama, surukin ma sai ana gobe biki muka san fuskarsa. Ba na ganin laifin kowa, ni ma mijina bai taɓa riƙe garma a gonarmu ba. Sai dai ina kewar lokacin da gida guda yakan zauna ya kalli mutum damina da rani, a yi masa dariya, a yi masa faɗa, har a wayi gari ya zama ɗan gida. Baba Tsoho bai taɓa auna mutum da yini ɗaya ba.