Hedley Firth, Mai Tsufar da Jiragen Ƙasa

Kowace safiya, in dai ba ruwa ake tafkawa ba, za ka ga Hedley Firth tsaye a kan gadar da ke bayan tsohuwar masaƙa, hannuwa cikin aljihun kwat, yana jiran jirgin kaya ya wuce ta ƙarƙashinsa. Ba ya ɗaga wa direba hannu, ba ya ɗaukar hoto. Kallo kawai yake yi. Yana duba inda tsatsa ta fara cin tarago, da yadda ruwan sama ya ja layi a jikin fenti, da inda hannun ma'aikata ya goge ƙarfe har ya yi sheƙi. In jirgin ya sha kwana, sai ya hau tudu ya koma gida, ya shige rumfar katakon da ke ƙarshen lambunsa. Can zai maƙala tabarau mai ƙara girma, ya jawo tarago wanda bai fi tsawon yatsa ba, ya shiga zuba masa abin da idonsa ya gano.

Fentin gidaje ne sana'arsa har ya yi ritaya. Ronnie Holdsworth, shugaban ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa, ba ya gajiya da tsokanarsa a kan haka.

"Ku dubi mutumin nan," in ji Ronnie. "Ya ƙare ƙuruciyarsa yana mayar da tsoho sabo, yanzu ya dawo yana mayar da sabo tsoho."

Hedley ko ɗago kai ba ya yi. "Kai ma na so in tsufar da kai, Ronnie, sai na tarar an riga ni."

A watan jiya ya gaya mana ya ajiye buroshi. Hannunsa na dama ya soma rawa, aikin kuwa ba ya yafe rawar hannu. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Sunana Moira, ni ce mace ta farko da ta shiga ƙungiyar, kuma ba da niyya na shiga ba.

Mijina Trevor ya rasu ya bar wani kwali a kan teburinsa. A ciki akwai kan jirgi na tagulla, irin wanda ake sayowa falle-falle a lanƙwasa a haɗa da dalma. Kwaikwayon kan jirgin da mahaifinsa ya yi aikin zuba wa kwal ne a layin kwarinmu, zamanin jiragen hayaƙi. Trevor ya kai shi rabi ciwo ya kwantar da shi. Na daɗe ban iya kallon kwalin ba. Wata Talata da yamma na ɗauke shi na gangara ɗakin ƙungiya da ke ƙarƙashin coci, don in rabu da shi.

Hedley na tarar kusa da ƙofa. Na ce, "Mista Firth, ga kayan Trevor. Ku ba wanda zai amfana."

Ya buɗe, ya daɗe yana juya abin a hannunsa. Sannan ya ce, "Kin taɓa riƙe ƙarfen liƙi?"

"Ni? Ɗinki kaɗai na iya."

"Wadda ta iya zura zare a allura ta fi rabin mutanen ɗakin nan. Zauna."

"Ba zama na zo yi ba."

"To tsaya. Amma riƙe min nan."

Na riƙe. Kafin in bar ɗakin na ƙona yatsa, na kuma manna bututun hayaƙi a karkace. Ya ce in dawo mako mai zuwa in gyara ɓarnata, don shi ba ya gyara ɓarnar wani.

Abin da bai sani ba, ko kuma ya sani ya yi shiru, shi ne a lokacin na daina girki, labulen falona ma ba na buɗewa. Talata ta zama ranar da nake taje kaina in fita. Bai taɓa zaunar da ni ya tambaye ni yaya zuciyata ba. Tambayarsa ita ce ko na goge bakin tukunyar tururin jirgin da magagari, in na ce a'a ya yi tsaki. Wannan tsakin ya fi mini duk katunan ta'aziyyar da suka cika min tebur.

Wata rana muna duba taragon da ke bin kan jirgin, mai ɗaukar kwal da ruwa, wanda Trevor ya riga ya shafa wa fentin farko. Hedley ya karkata shi wajen fitila ya nuna min wani tabo a gefe. Shatin babban yatsa ne, ya fito sarai. Trevor ya taɓa fentin kafin ya bushe, shi da ma ba shi da haƙurin jira.

"A ƙa'ida goge shi ake yi," in ji Hedley. "Amma jirginki ne."

Na ce a bar shi. Ya jawo buroshi mafi laushi a cikin nasa, ya koya min yadda zan bi da fenti siriri ta kai ba tare da na cike shatin ba.

Da kaka ta yi muka gama. Jirgin baƙi ne sumul, yana ɗaukar ido. Ina cikin murna sai ga Hedley da 'yan kwalabe na garin alli, wani toka-toka, wani ruwan ƙasa, wani ja kamar tsatsa.

Na ce, "Kada ka taɓa min shi!"

"Ba ni zan taɓa ba, ke za ki taɓa. Surukinki bai taɓa hawa jirgi mai sheƙi ba, Moira. Wannan da kike gani bai yi aikin yini ɗaya ba."

"Wata nawa ina wahala, yanzu ka ce in shafa masa datti?"

Ya mayar da kwalabensa aljihu, bai ƙara tayar da zancen ba. Jirgin ya zauna a ɗakin ƙungiya yana ta sheƙinsa.

A hunturun nan, wanda a ƙasarmu lokacin ruwan sama ne, kogi ya cika ya tumbatsa. Duk wanda ke kwarin nan ya san ƙarar jiniyar ambaliya, ya kuma san warin da ruwa ke bari in ya janye. Da muka samu shiga ɗakin, laka ta kai ƙirji a jikin bango. A ɗakin ne garinmu yake a ƙanƙance, yadda yake a zamanin hayaƙi: tasha, masaƙa, layukan gidaje, har tumaki a kan tudu. Aikin shekaru kusan talatin ne, da yawa daga waɗanda suka fara shi suna maƙabarta. Teburan sun kife, tsaunukan takarda sun narke. Ronnie, mai bakin da ba ya rufuwa, ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hula.

Aka kira taro a farfajiyar coci. Yawancinmu mun tsufa, wasu ma gidajensu ruwa ya shiga. Ra'ayi ya karkata ga a kira motar shara a kwashe komai, a rufe ƙungiyar. Ana cikin haka Hedley ya iso sanye da dogayen takalman roba, yana ɗauke da robar wanki da tsohon buroshin haƙori.

Ronnie ya ce, "Hedley, zo ka zauna. Magana muke yi."

"Ku yi ta yi. Ni zan fara da taragun kwal."

"Kai tsoho, ba abin da ya rage a ciki!"

"Ka shiga ka duba?"

Ya sauka shi kaɗai. Muna jin tafiyarsa cikin laka, caɓal, caɓal. Can ya fito da robar cike, ya wuce ta gabanmu bai kalli kowa ba, ya ajiye a motarsa ya koma. A zuwa na uku Ronnie ya miƙe yana gunaguni ya bi shi. Taron bai ƙare da shawara ba, watsewa kawai ya yi, kowa ya tafi neman takalmin roba.

Audrey, matar Hedley, ita ce shaidar abin da ya biyo baya. Ta ce duk hunturun nan kwamin wankansu cike yake da taragu. Ya kwance kowanne, ya wanke, ya shanya a kan tawul, ya sake haɗawa. Wanda tsatsa ta ci ƙafarsa ya sauya, wanda rubutun jikinsa ya goge ya sake rubutawa da buroshi mai gashi kamar uku.

"Ni dai mutum na aura," in ji ta, "na farka na gan ni a tashar jirgi."

Hedley ya raba wa kowa aiki daidai ƙarfinsa. Mai ciwon baya ya ba shi haɗa ƙananan itatuwan ado ya yi a zaune, mai raunin ido ya ba shi wankin layin dogo. Shi ya je ya roƙi dattawan coci, suka ba mu ɗakin sama inda ruwa ba ya kaiwa.

Nawa jirgin kuwa na riga na fid da rai. Sai wata safiya aka ƙwanƙwasa ƙofa, na buɗe na ga Hedley da wani abu naɗe a hankici. A ƙarƙashin teburin da ya kife ya tono shi. Ya wanke shi, ya sa masa sabon inji. Sheƙin ya tafi, fentin ya dushe. Na juya taragon da sauri. Shatin yatsan yana nan.

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na ce, "Kwalaben nan suna aljihunka?"

Suna nan. A teburin kicin ɗina muka yi aikin, ni da buroshi, shi a gefe yana nuni da tsinken ashana. Baƙin hayaƙi a sama, inda yake sauka. Farin zane a gefen tukunya, inda ruwa ke tsiyaya. Tsatsa a wajen birki. Ƙarfen da ake kamawa a hau kuwa ya ce in bar shi fes, don hannu ne ke goge shi kullum.

"Kada ki watsa haka kawai," ya ce. "Kowane datti da abin da ya kawo shi. Ki tambayi kanki, wa ya taka nan, me ya zuba a nan."

Ranar da muka buɗe sabon ɗaki ga jama'a, aka kawo Doreen, yayar Trevor, a keken guragu daga gidan kula da tsofaffi. Ba ta cika gane mutane ba yanzu, ni ma wani lokaci sunan wata take kirana. Aka tura ta gaban ƙaramar tasharmu. Jirgin ya fito daga cikin ramin dutse a hankali, yana jan taragun kwal. Doreen ta miƙa wuya.

"Kai! Jirgin Baba!" ta ce da ƙarfi. "Haka yake, baƙi ƙirin. Shi ma haka yake dawowa. Mama ba ta barinsa ya shigo ta ƙofar gaba!"

Ta yi dariya har da hawaye, ta shiga ba mutanen da ke kusa labarin yadda take goya Trevor su tsaya a katanga su jira wucewarsa. Na waiga neman Hedley. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur wai yana duba waya.

Hedley, na san za ka ce na cika surutu, amma yau sai ka ji. Kai ne ka ƙi karɓar kwalin da na kawo maka, da ka karɓa da ban san inda nake yau ba. Kai ne ka shiga laka lokacin da mu muke neman kalmar da za mu yi ban kwana da ita. Ba ka taɓa sa sunanka a jikin tarago ko ɗaya ba, alhali babu wanda ke kan dogon nan da bai bi ta hannunka ba. Mai ido, mai haƙuri, mai tsakin da ke tayar da wanda ya faɗi. Na gode. Doreen ba za ta iya riƙe sunanka ba, don haka na gode a madadinta, da madadin Trevor.

Ku kuma masu karatu, kusan kowane layi yana da irinsa: wani da ya iya wani abu, yana yinsa shi kaɗai a bayan gida. In kun san shi, ku je ku koya tun hannunsa yana riƙe abu. In ku ne shi, kada ku karɓi aikin mutum ku gama masa. Ku jawo masa kujera.

Talatar da muka yi masa walimar sallama, Ronnie ya miƙa masa akwatin tuƙa ƙananan jiragen, ya ce yau shi ne direba. Hedley ya ce hannunsa rawa yake yi. Ronnie ya ce to ya sa biyu. Ya kama maɓallin da hannu biyu, ya tayar da jirgin Trevor, ya zaga da shi garin gaba ɗaya a hankali, ta bayan masaƙa, ta gindin tudu, mu duka muna bin sa da ido. Ya shigo da shi tasha ya tsayar daidai bakin dandamali, ko girgiza bai yi ba.

Ya ɗago ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"To, me kuke kallo?" ya ce. "An iso. Wani ya karɓa."