Ragon Sunan da Muka Sayar

Ni mace ce mai son a yi abu bi da bi. A gidanmu na Mayo Gwoi, idan haihuwa ta matso, kuɗin asibiti ake fara ajiyewa, sannan zannuwa, rago sai daga ƙarshe. Ƙanena ya juya tsarin. Tun cikin matarsa bai tsufa ba ya je Lau ya sayo ragon suna, fari, mai murɗaɗɗen ƙaho, ya ɗaure a ƙofar gida maƙwabta su gani.

Ranar da naƙuda ta zo muka kai matar tasa asibiti, da hantsi ta haihu, namiji. Ina riƙe da jaririn na ga ma'aikaciyar jinya ta duba ledar da aka shimfiɗa ƙarƙashin mai jegon, wadda ke da layukan auna jinin da ya zuba. Ya wuce layi. Nan take suka hau aiki: wannan tana murza mata ciki, waccan ta yi allura, aka ɗaura ƙarin ruwa. Babbarsu ta fito ta same mu a baranda.

"Abin da ke hannunmu mun yi. Saura wata allura da jini, sai an biya a ɗauko."

Ƙanena ya laluba aljihu, ko rabi bai kai ba. Goggonmu ta ce, "Jinin haihuwa ai datti ne, ku bari ya fita. Mu kunun kanwa kawai ake dama mana."

"Goggo, a kan kunun kanwar muka rasa matar Kawu," na ce. Na juya ga ƙanena. "Kira mahaucin layinmu. Ya turo kuɗi ta waya yanzu, ya je ya kwance ragon."

"Yaya, ragon suna fa! Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce ni na sa ka. Kira shi."

Mahaucin ya ji muna cikin matsi, ya karya farashi. Ban tsaya ciniki ba. Aka biya, aka yi allurar, aka ɗaura jini. Kafin la'asar idon mai jegon ya buɗe sosai, tafin hannunta ya dawo ja.

Ranar suna liman ya ce yanka na iya jiran hali. Aka raba goro da dabino, Goggo tana ta mitar rashin nama. Mai jegon na zaune a ɗaka tana shayar da ɗanta, ta ɗaga murya: "Yaya, a ƙaro mini tuwo, yunwa nake ji."