Littafin da Baffa Ya Ƙona

Shekarar da Turawa suka bar Jazira, mufattish ɗin yankinmu, mai duba gonakin auduga, ya raba kayansa. Ni ya ba ni fitila. Ɗan baffana, wanda muka yi makaranta tare, ya ba shi ƙamus na Turanci, mai baƙin bango da takarda shara-shara.

Abin ya tsaya mini a rai. A aji ni ke gaba da shi, amma cikin wata shida ya wuce ni. In muna hutawa a bakin tur'a, hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, sai ya zaro kalmar da su Turawan ma sun daina faɗi.

"Ka san yeoman?"

"Abinci ne?"

"Kai dai cikinka. Manomi ne mai gonar kansa, ba ta haya irin tamu ba."

Mutane suka fara kawo masa takardu. Har tsohuwar yarjejeniyar gonar mai unguwa ya warware, wadda kalmominta suka gagari wani akawu a Sinnar. Aka ce bayan cirar auduga zai zauna jarrabawar akawu. Ni kuwa sai dai a aike ni in kira shi.

Baffa bai yi boko ba. Wani mai tallar yadi ya gaya masa littafin addinin Nasara baƙi ne, takardarsa kamar ɓawon albasa. Ranar da ɗansa ya tafi garin Mai Wurno gaisuwar rasuwa, ya kira ni zaure. Da tsumma ya ɗauko ƙamus ɗin, don kada ya taɓa hannunsa.

"Ɗana, kai ma ka yi karatunsu. Wannan shi ne?"

Na san gaskiya. Na buɗa shafi biyu, na ce, "Baffa, ya yi kama."

A wurinmu ba a yar da rubutu a juji, ko na wane ne. Ƙonawa ake yi, a binne tokar. Ni na miƙa masa ashana.

Da ɗan'uwana ya dawo, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ba ka gaya wa Baba ƙamus ne ba?" Na ce ban ga fuska ba.

Ya zauna jarrabawar, bai ci ba. Na daɗe ina gaya wa kaina ko da littafin ma wataƙila ba zai ci ba. Da aka fara ginin madatsar ruwa a Rusairis, ya tafi dakon siminti. Can ya yi aure, can ya rasu. Kafin rasuwarsa, sau biyu na je da niyyar faɗa masa gaskiya. Duka biyun ya yanka mini kaza, na ci, na dawo gida.