Wasiyyar da Attahiru bai yi ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Attahiru, Allah Ya jiƙansa, amma har yau in na ji ƙarar harbi tana fita daga wayar wani a majalisa, sai in waiga ina jiran tsakinsa. Ba a taɓa kallon fim da Attahiru an tashi lafiya ba.

Manomi ne a wani ƙauye na yankin Faru, a ƙasar Maradun. Duk ranar kasuwa yakan kawo gero ko gyaɗa Talata Mafara, in ya sayar sai ya biyo gidana ya ja ni gidan kallo bayan Azahar. Ni malamin makaranta ne a lokacin, ina sunne kai kada ɗalibaina su gan ni, shi kuwa ko a jikinsa. Zamanin kaset ne da janareto, mutum hamsin a kan benci kowa na zufa. Da an fara fim ɗin yaƙi sai ya gyara zama. Ba a minti goma za ka ji shi: "Wanga ƙarya ta! Tun ɗazu shina harbi, ina yas samo harsashe?" Masu kallo suka laƙaba masa Alƙali. Mai gidan kallon har roƙonsa ya yi ya riƙa zama a bencin baya, bai koma ba.

Ƙorafinsa ba ya ƙarewa. Akta a harbe shi a kafaɗa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da dambe. Mutum ashirin su zube a bayansa, babu mai waiwayarsu, babu mai haƙa musu kabari. "Waɗanga da anka zubar, ba su da uwaye?" in ji shi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba a noma a fim ɗin yaƙi. A shekara ana gwabzawa, kowa da ƙiba, ba ka taɓa ganin wanda ya duƙa da fartanya. Finafinan Indiya yakan yafe musu, don a cewarsa su ba su taɓa rantsuwa cewa gaskiya suke faɗa ba. In mutum ya ga dama ya canza riga goma a waƙa ɗaya, shi ya jiyo. Namu na Hausa kuwa hannu yake dubawa. In aka nuno talakan ƙauye da tafin hannu sumul, shi ke nan fim ya mutu a wurinsa.

Ba zan zalunci fim ba, shi ma bai zalunce shi ba. Akwai ranar da aka nuno wata tsohuwa an kawo mata labarin ɗanta soja, ta ci gaba da shanya kamar ba ta ji ba, sai can ta zauna a ƙasa. Attahiru bai ce uffan ba har muka fito, sannan ya ce wanda ya shirya wannan ya taɓa rashi. A fim muka fara ganin cewa soja ma yana jin tsoro. A fim na koyi cewa in harbi ya tashi a kwanta, in jini na zuba a ɗaure sama da raunin. Ban taɓa zaton zan yi aiki da wannan karatun ba.

Da zai dawo yau, ban san da wa zai fara faɗa ba. Gidan kallo ya koma aljihun kowa. Matasa suna kallon fim ɗin yaƙi da aka fassara da Hausa, mai fassara yana zuba barkwanci ana kashe mutane, su kuma suna ƙyaƙyata dariya, a garin da kowace unguwa akwai wanda ya gudo daga ƙauyensu. Wasu namu kuma sun fara shirya finafinan 'yan bindiga, inda saurayi ɗaya mai laya a damtse zai shiga daji ya share shi kafin La'asar, ya dawo a ɗaura masa aure. Haba jama'a! Wanda ya shirya wannan ko Maradun bai taɓa zuwa ba, balle ya wuce ta.

Amma ƙaryar fim da ta fi kowace cutar da ni, ba ta harsashi ba ce. Ita ce ta mai mutuwa. A fim duk wanda zai mutu sai an ba shi fili. Ya jingina a jikin abokinsa, ya yi jawabi mai tsawo, ya raba wa kowa aikinsa, sannan ya rufe ido a tsanake. Mun kalli wannan har ya zauna mana, muka ɗauka haka ake mutuwa.

A tsakiyar damina abin ya faru. Ina hutu, na je taya shi maimai. Mu uku ne a gona da hantsi: ni, da shi, da babban ɗansa Murtala, wanda bai daɗe da aure ba. Muka ji babura, kafin mu ɗago harbi ya tashi. Na kwanta tsakanin kunyoyi. Murtala ya ruga cikin dawa. Attahiru harsashi ya same shi a cinya. Da 'yan bindigar suka wuce na yage rigata na ɗaure sama da raunin, kuma ɗaurin ya riƙe har muka sami amalanke. Bai kai Maradun ba.

A zaman makoki Murtala ya ƙi ci ya ƙi sha. Ba ya iya ɗaga kai, don ya san ana ƙus-ƙus cewa ya gudu ya bar ubansa. Ranar addu'ar uku, a gaban jama'a, ya matso ya ce, "Bappa, Baba bai bar mani magana ba?" Kowa ya zuba mini ido. Dukkanmu 'yan gidan kallo ne, kowa jawabi yake jira. Na dubi yaron nan na ga in ban ba shi abin riƙewa ba zai bi ubansa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya ce ka riƙe gona, kada ka bari ta koma daji." Har da ɗan dakatawa a tsakiya, yadda ake yi. Wani dattijo ya yi kabbara. A ranar Murtala ya ci tuwo, ni kuma na ɗauka na yi aikin lada.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, har ta yi jikoki. Iyalin sun koma Bakura wurin surukan Murtala, ya sami aikin shinkafa a fadama, yanzu 'ya'yansa huɗu, rufin asiri daidai gwargwado. Amma da hadari ya fara haɗuwa sai hankalinsa ya tashi. Sau biyu yana komawa gonar a ɓoye. Bara da ƙyar ya sha, ya dawo ba babur ba takalmi. Bana kuma ya ce tarewa zai yi har girbi, a ƙauyen da bai fi gida biyar da mutane a ciki ba.

Makon jiya na je Bakura. Matarsa ta tare ni a zaure, ta ce, "Bappa, don Allah ka yi mai magana, kai ɗai shika ji." Na shiga na tarar da iri a buhu, da taki, da sabuwar galma. Na kawo masa hujja duk wadda na sani. Na ce in da rai da rabo. Na ce ƙasa ba ta gudu. Ya bari na gama, cikin ladabi, sannan ya ce, "Bappa, kai da bakinka ka hwaɗa mani. In ci amanar mamaci?" Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Sai na ɗauki kofi na sha ruwa, na tambaye shi yaya shinkafa, na hau mota na dawo Mafara. Dattijo da furfura, na kasa. Ina ta jin haushin masu fim, ashe ni ne na shirya mafi muni a cikinsu, ba tare da kyamara ba. Da Alƙali yana wurin makokin nan, da tun ban rufe baki ba ya tsayar da ni.

Don haka na zo nan, tunda na san Murtala yana karanta wannan shafi, kuma abin da aka faɗa a gaban jama'a a gaban jama'a ya kamata a warware shi.

Murtala ɗana, ubanka bai ambaci gona ba. A cikin amalanke kansa yana bisa cinyata, numfashi ma da ƙyar yake yi, babu wani jawabi. Sau ɗaya ya buɗe ido sosai, ya ce, "Murtala ya tsira?" Na ce ya tsira. Ya ce, "To madalla." Daga nan sai kalmar shahada, ina yi yana bi, har ya yi shiru. Na ɓoye maka ne don a lokacin ba ka son jin ko kalmar gudu, na ji tsoron maganar ta zame maka gori. Na yi kuskure, ina neman gafarar Allah, ina neman taka.

Na daɗe ina auna abin da Attahiru ya bari. Gonar ta yi ciyawa, kuma in Allah Ya kawo zaman lafiya ciyawa ba ta gagari galma ba. Gidan kallon ya zama shagon caji. Tsakinsa ma masu tunawa da shi sun fara ƙarewa. Abin da ya rage nasa a duniya kai ne da yaran nan huɗu, kuma kai ɗin ne ya tambaya lokacin da ba shi da numfashin tambaya biyu. Ka yi fushi da ni yadda ka ga dama, na cancanta, gidana ka san hanya. Amma na riga na yi ƙarya ɗaya da sunansa. Amsar da na ba shi a amalanke ita ce gaskiya, da ita ya tafi. Kada ka je Faru ka mayar da ita ma ƙarya.