Maijego a Bakin Shagon Rake

Tun cikin yana ƙarami, ni ba haihuwar nake tsoro ba. Nono nake tsoro. A gidanmu ruwan nono ba ya zo wa mata da wuri, wata ma har a yi suna bai zo ba. Ni kaina ba na Innata na sha ba, na Gwaggo na sha, ƙanwar Baba, da ta haihu kusa da haihuwata. Ana ba da labarin a tsakar gida ana dariya, wai na cinye wa ɗanta rabonsa shi ya sa ya fito kamar sillen kara. Da aure ya kawo ni Alƙahira, na zauna a ciki da falo a hawa na biyar a unguwar Abbasiya, sai labarin ya daina ba ni dariya. Na duba gabas na duba yamma, babu gwaggo ko ɗaya a ƙasar Masar.

Maigidana ɗalibi ne, fiƙihu yake karanta. Malam nake ce masa. Ni firamare na yi sai Islamiyya, Larabcina kuwa na cefane ne, rabi da baki rabi da hannu. Da na gaya masa abin da ke raina sai ya ce, "Allah ne ke ciyar da jariri."

Na ce, "Na sani, Malam. Amma ta ƙirjina abincin zai biyo."

Na haihu a tsakiyar zafi, a shekarar da ake yawan ɗauke wuta, motocin soja suna tsaye a shataletale. Namiji ne. Nono ya zo, ba zan ce bai zo ba, amma kamar famfon da aka kusa ɗauke ruwa. Yaron zai kama ya yi ta ja har goshinsa ya yi gumi, ya gaji ya yi barci, can ya farka da wani kuka siriri irin na ɗan kyanwa. Akwai kemis a ƙasan beninmu, matar da ke wurin tana da sikelin jarirai. Duk sanda Malam ya sauka da yaron awo ya dawo, ba na tambaya, fuskarsa nake kallo. Sikelin ba ya motsi.

Mu matan ɗalibai ba mu da yawa, kuma muna da babba. Mijinta ya daɗe yana karatun digirin ƙarshe, ita ce uwar kowa, Anti muke ce mata. Ba zan ci amanarta ba, ta yi mini abin da uwa ke yi. Ita ta yi mini wankan jego, ta kawo yaji da kanwar da aka aiko mata daga gida, ta dama mini kunun kanwa da geron da ta samo a wurin mai sayar da abincin tsuntsaye, don a can kaɗai ta san ana samun gero. Na sha har na ji kamar zan yi fiffike. Amma ranar da na ce mata, "Anti, yaron nan ba ya ƙoshi," ina juya shi ina leƙa bakinsa, sai ta ɗaure fuska.

"Ke, ɗan fari ne fa. A gabana kike wannan rawar jikin? Ajiye shi ki kawar da kai."

Na ajiye shi. Haka aka rene ni, uwa ba ta nuna damuwa a kan ɗan fari, ko sunansa ba ta kama. Na kawar da kai ina kallon bango, kunnena yana wurinsa.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, Hajja nake kiranta. Ita kukan ya hana ta sakat. Ta shigo da kwano cike da wani abu rawaya mai kauri, da man shanu da riɗi a samansa, ta ce mugat ne, shi maijegonsu ke sha. Ta koma ta ɗauko na'urar markaɗenta ta dire mini a kicin. Ta nuna ƙirjina, ta nuna na'urar, ta ce, "Yalla," wato maza.

Daga nan kicin ɗina ya koma wurin haɗe-haɗe. In jiƙa dabino ya yi laushi, in zuba madara da ayaba da riɗi in markaɗa. In tafasa hulba in tace in haɗa da zuma. Na gano goruba a wurin mai kayan ƙamshi, an daka ta gari, na yi murna kamar na ga 'yar garinmu. Wata rana na ce bari in gwada zoɓo da madara, abin ya tsinke ya koma kamar an wanke kwanon fenti. Sau da yawa ina tsakiyar markaɗe za a ɗauke wuta, in juye a ɗan turmi in ƙarasa da hannu, yaron yana baya yana kuka. Hulba kuwa ta kama jikina, ta kama zanin gado, har littattafan Malam.

Shi ne mai ɗanɗano. Zai ɗaga kofi ya duba ta hasken taga ya ce, "Wannan kuma mene ne sunansa?"

"Sha ka raɗa masa, kai ne malami."

Ya kurɓa ya ce, "Sunansa Haƙuri."

Duk da haka Hajja ba ta gamsu ba. Ta ce saura ruwan rake, shi ne babba. Rake kuwa ba a matsa shi a gida, sai a shagon masu lemo, inda suke da injinsa. Malam ya sayo a leda da tsinken zuƙa. Kafin ya tsallako titi ya hawo bene, ruwan ya yi duhu ya soma tsami. Hajja ta shinshina, ta tafi da shi wurin wanke-wanke ta tuttular a gabansa. Ta ce wannan ya mutu. Ruwan rake a bakin inji ake shan shi, da kumfarsa, a tsaye.

Ban yi arba'in ba lokacin. Na san abin da ake cewa a kan maijegon da ta fita. Na kuma san macen aure a wurinmu ba ta cin abu a titi, balle ta ɗaga kai ta kafa kofi a baki maza suna wucewa. Na kwana biyu ina juya abin. Sai wata safiya ina sauya wa yaron riga na ga fatar cinyarsa ta yi yawa, tana naɗewa kamar rigar aro. Na goya shi, na zura hijabi, na sauka.

Shagunan lemo a Abbasiya sun fi a ƙirga, kowanne ya rataye mangwaro da lemon zaƙi a raga a bakin ƙofa, kamar duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na koyi tsayawa daga nesa in yi kamar ina gyara goyo, ina kallo. Na farkon da na duba, a bokiti ɗaya yake tsoma kowane kofi, ruwan har ya yi kore. Wani ya matse raken tun safe ya tara a jug, yana ƙara masa ƙanƙara don ya yi auki. Wani shagonsa fes, ya iya jera abin da suke kira koktel, mangwaro a ƙasa, jan farawla, wato sitiroberi, a tsakiya, yankan ayaba a sama, gwanin kyau, amma rakensa a ƙasa yake zube kusa da kwata, ƙuda suna walima. Akwai wanda komai nasa daidai, sai dai samarin da ke zama a gefensa, da suka ga baƙar mace da ɗa a baya suka soma kiran sunayen alewa suna dariya. Ban koma ba.

Wanda ya yi mini, wani dattijo ne mai ɗan ƙaramin shago, ba kujera ko ɗaya. Rakensa a tsaye yake a lungu, an kankare an wanke. Kofi a bakin famfo yake ɗauraye shi, ruwa yana gudu. Teburin dutsen da ake dire kofi, in ka ɗora hannu ba ya kama ka. Sai ka zo yake tura rake a inji, kana gani. Kuma na lura matan unguwa masu yara a nan suke tsayawa, wannan ya fi mini kowace shaida. Aibinsa ɗaya, yana daidai tashar da ɗalibanmu 'yan Najeriya ke jiran motar makaranta.

Ranar farko bango na juya wa fuska na sha. Sanyi, zaƙi, kumfa har hanci, ɗanɗanon raken gida sak, sai dai an hutar da haƙora. Rana ta biyu ma na juya. Daga baya na ga bangon nan ba abin da yake rufewa, hijabina da goyona sun riga sun faɗi ko ni wace ce. Na daina juyawa. Ɗaliban su sunkuyar da kai kamar suna neman wani abu a ƙasa, ni in shanye in dire kofi in ce wa dattijon, "Tamam," wato ya yi daidai.

Ba a jima ba Anti ta hawo benenmu tana haki. Na kawo mata haɗin dabino mai sanyi, ba ta taɓa ba.

"Maijego, an ce kin buɗe majalisa a tashar mota."

"Rake nake sha, Anti."

"A tsaye. A titi. Ba ki yi arba'in ba. Ƙannen mijinki suna kallon maƙogwaronki yana hawa yana sauka."

"To su runtse ido mana. Ba karatun addini suka zo ba?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Lallai baki ya buɗe. Duk wannan a kan ɗan fari? A garinku haka ake yi?"

Ban taɓa mayar wa babba magana ba sai ranar. Na ce, "A garinmu Innata ce za ta hana idonta barci, Gwaggo ta ɗauke shi ta ba shi nata, ni in kawar da kai a ce ina da kunya. Kunyar nan da mutane ake yin ta, Anti. Nan in na kawar da kai, wa ke kallonsa?"

Na kwance shi daga zani na ɗora mata a cinya. Na ce, "Ɗaga shi ki ji."

Ta ɗaga. Ta daɗe tana riƙe da shi, tana shafa cinyar nan da babban yatsa. Can ta ce, "Jarirai suna yin haka," ta miƙo mini shi, ta ɗauki jakarta. Daga ranar ta ɗauke ƙafa. Aka yi wani suna a unguwar Faisal, duk matan suka cika mota suka tafi, ni sai daga baya na ji. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. A garin da ba ka da kowa, mutum biyar ɗin da ke jin yarenka su ne duniya.

Malam kuwa da lallashi ya zo. Ya ce, "Ba zan hana ki ba. Amma akwai wani shago a bayan masallaci, ba mai bi ta wurin."

"Wancan ne mai bokiti."

"Sha a tsaye ma, malamai sun yi magana a kai."

"Sun ce haramun ne?"

Malam ba ya ƙarya a kan karatu. Ya sosa gemu ya ce, "Ba su ce ba."

Na ce, "To khalas, shi ke nan. In kunyar abokanka kake ji, ka sauya tasha. Ni ba zan sauya shago ba."

Wallahi sai ya sauya tashar. Kullum ya taka har ta gaba cikin rana, da jakar littattafai a kafaɗa. Bai taɓa tsayawa kusa da ni a shagon nan ba, ko sau ɗaya. Amma dabino bai taɓa yankewa a kicin ba, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Matar kemis ita ma ta sa baki, ta ce in ƙara masa da madarar gwangwani kafin nawa ya kankama. Wannan ma abin magana ne a wurin matanmu, a ce yarinya ƙarama da ƙuruciyarta tana ba ɗa kwalba. Na saya na ba shi. Wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi.

Wata safiya ina tsaye a bakin teburin dutsen, na kai rabin kofi, yaron ya motsa a bayana ya yi ɗan ƙorafi. Sai na ji ƙirjina ya ɗaure, ya yi tsam kamar ana tsira mini allura. Na duba, gaban hijabina ya jiƙe, gida biyu, yana faɗaɗa. Tashar cike take da ɗalibai. Dattijon ya gani, ya kawar da ido ya ci gaba da tura rakensa. Ban rufe ba, ban gudu ba. Na shanye sauran, na dire kofi, na tsallaka titi a hankali.

A kan matakalar bene na zauna, don ban iya jira in kai sama ba. Ya kama, na ji yana haɗiya, ƙwat, ƙwat, abin da ban taɓa ji ba. Ya sha har ya saki da kansa, bakinsa a buɗe, fari yana gangarowa ta gefe. Na zauna a wurin ina kuka, mai share bene yana zagaye ni da tsintsiya.

Kada a ce na ce rake magani ne. Ban sani ba. Ko raken ne, ko mugat ɗin Hajja, ko kunun Anti ne ya yi aiki a makare, ko kuwa lokacinsa ne ya yi. Madarar gwangwani ma ta yi nata. Abin da na sani, sikelin kemis ya soma motsi, kuma da a ce za a mayar da ni waccan bazarar, a tashar nan zan sake tsayawa.

Roƙona ɗaya ne gare ki, ke da kike karanta wannan, ko kai. In kuna da yarinya da ta yi haihuwar fari a wata ƙasa, nesa da gida, ku kira ta. Ku tambaye ta ko ɗan yana ƙoshi, ku bar ta ta ba ku amsa da cikakken baki, kada ku ce mata ta ji kunya.